Sharhi: A Tanadi Hanyar Komawa Kafin A Taɓa Saitin Na'ura



A yau da wuya ka shiga banki, ko asibiti, ko makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, ko otal, ko ma shagon da ke sayar wa 'yan unguwa intanet da tikiti, ba ka ga wani ɗan akwati maƙale a bango ko ɗore a kan kabad ba, wayoyi sun fito masa ta baya, ƙananan fitilunsa na ta ƙyaftawa dare da rana. Masu aikin suna ce masa rauta. Wani kuma aikinsa rarraba layi zuwa ɗakuna, wani katangar tsaro ne da ke tsaye tsakanin ofis da duniyar waje. Mai wurin ya san nawa ya saye shi, rasit na cikin fayil, wani har lambar kadara yake sa a manna masa. Amma ka tambaye shi ina saitin da ke cikin akwatin yake a rubuce, wa ke riƙe da kwafinsa, yaushe aka ɗauki na ƙarshe, sai ya ce maka ai injiniya ya sani. A kan wannan amsa nake son in tsaya yau. A ganina saitin nan dukiyar mai wurin ce, ya fi ƙarfen da ke ɗauke da shi daraja, kuma duk wanda bai tanadi hanyar komawa ga saitin jiya ba, bai kamata ya bari a taɓa na yau ba.

Shi saitin jerin umarni ne, layi bayan layi, da ke gaya wa na'ura yadda za ta yi da kowane saƙo da ya iso gare ta. A ciki ake rubuta suna da kalmar sirrin da kamfanin intanet ya bayar, da adireshin kowace kwamfuta da firinta, da wanda aka yarda ya shiga da wanda aka hana, da shingen da ya raba kwamfutocin ɗakin kuɗi da wayoyin baƙi, da ƙa'idar da ke cewa in layin farko ya yanke a koma na biyu, da ɓoyayyiyar hanyar da ta haɗa reshe da hedkwata. Kuma ba a rana ɗaya ake gina shi ba. Yau kyamarorin tsaro sun ƙi fitowa a wayar manaja, sai a ƙara layi biyu. Wata mai zuwa manhajar albashi ta ƙi magana da banki, sai a buɗe mata ƙofa. Baɗi a gano ɗalibai na cinye data da kallon bidiyo, sai a sa musu iyaka. Bayan shekara uku kowane layi a ciki amsa ce ta wata matsala da aka sha wuya kafin a gano bakin zarenta, kuma yawancin dalilan an manta da su. In akwatin ya ƙone, akwai irinsa a kasuwa, da kuɗi a hannu kafin azahar an kawo sabo. Saitin kuwa babu shagon da ke sayar da shi.

Asara ta farko tana faruwa ne a cikin akwatin kansa, ba tare da ɓarawo ko gobara ba. Na'urorin kamfanin Cisco na Amurka, waɗanda injiniyoyin sadarwa da yawa a kansu suka koyi aiki, saiti biyu suke riƙewa. Akwai wanda ke gudana, yana zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke. Akwai kuma na tashi, wanda ke cikin ma'ajiyar da ba ta gogewa, shi na'ura ke karantawa duk lokacin da aka kunna ta. Umarnin da injiniya ya buga yana fara aiki nan take, amma ba ya shiga na tashi sai an ba da wani umarnin dabam na kwafe wannan zuwa wancan. Layi ɗaya ne tak, buga shi bai kai shan ruwa ba. To, mu ɗauka injiniya ya zo ranar Asabar, ya yi awa huɗu yana gyara, komai ya tafi daidai, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, layin nan ɗaya ya shige masa. Akwatin na kan inbata, saboda haka ya yi mako shida bai mutu ba, kowa na yabon aiki. Rannan wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, batir ya sauka ƙasa, da safe mai gadi ya tayar da janareto, fitilu suka dawo kore yadda suka saba. Sai dai na'urar ta farka ne da saitin da take da shi kafin waccan Asabar. Firinta ta ɓace, reshe ya yanke, kyamarori sun yi duhu, kuma babu wanda zai danganta abin da aikin da aka yi mako shida baya, don an daɗe da shafe babinsa. A ƙasashen da wuta ke shekara ba ta ƙyafta ba, irin wannan mantuwa tana iya ɓuya na dogon lokaci. A wurinmu, inda babban layin wutar lantarki na ƙasa kansa ya sha durƙushewa, ba ta jimawa take tona kanta, kuma takan zaɓi safiyar da ake da aiki.

Wani zai ce ai maganin mai sauƙi ne, a sayi na'urar da ke adanawa da kanta. Akwai su kuwa. MikroTik, na ƙasar Latbiya, wanda masu sayar da intanet a unguwanni da ƙananan kamfanoni suka runguma saboda sauƙin kuɗinsa, yana adana kowane canji a lokacin da aka yi shi. Haɗarin dai bai tafi ba, gefe ya sauya, domin kuskure ma nan take yake adanuwa, kashewa da kunnawa ba za su goge shi ba. Kuskuren da ya fi ciwo a wannan sana'a shi ne injiniya yana zaune a birni, na'urar tana kan hasumiya a wani ƙauye mai tafiyar awa uku, ya shiga ta nesa yana ƙara ƙa'idar tsaro, ya sa layin hani a saman layin izini, ya danna. Allon ya tsaya cak. Ya kulle ɗaki da makulli a ciki, shi yana waje. Masu ƙera na'urorin sun san da haka, shi ya sa kowannensu ya yi tanadi. MikroTik yana da yanayin kariya da ake kunnawa kafin a fara aiki. In hulɗa ta yanke ba shiri, na'urar za ta warware canje-canjen da aka yi tun da aka kunna shi. Na'urorin Juniper ba sa aiki da sabon saiti sai an tabbatar da shi, kuma ana iya tabbatarwa na gwaji, minti 10 in ba a faɗi wani adadi ba. In injiniya bai dawo ya sake tabbatarwa ba, na'urar da kanta za ta koma kan na baya. Tana kuma riƙe da tsofaffin saituna har 49 da za a iya komawa gare su da umarni ɗaya. A Cisco kuwa tsohuwar dabarar masu aiki ita ce su umarci na'ura ta kashe kanta ta tashi bayan wasu mintuna, sannan su yi canjin ba tare da sun adana ba. In abu ya yi kyau su soke umarnin su adana, in ya ɓaci su jira ta tashi da tsohon saiti. Wato rashin adanawar nan da ya jawo asara a misalin ɗazu, shi ne ya zama igiyar ceto a hannun wanda ya san abin da yake yi. Duk waɗannan kayan aiki suna cikin na'urar tun daga kamfani, an riga an biya kuɗinsu a farashin saye. Abin da ya rage kawai a yi amfani da su.

Amma ko an adana daidai, saitin da ke cikin akwati kaɗai yana tare da akwatin a duk abin da ya same shi. Tsawa ta faɗa kan eriya a tsakiyar damina ta biyo waya ta shigo. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona abin da ta tarar. Ɓarawo ya cire akwatin daga bango. Ko kuma abin da ya fi waɗannan yawa: a bayan na'urar akwai wani ɗan rami kamar na allura, a cikinsa akwai maɓalli. Intanet ta yi nauyi, wani ma'aikaci mai son taimako ya ji an ce in aka soka tsinke aka danne na ɗan lokaci komai na warwarewa. Ya soka, ya danne, fitilu suka yi walƙiya gaba ɗaya, na'urar ta koma yadda ta fito daga kamfani, aikin shekara uku ya tafi da tsinken tsintsiya. Don haka dole kwafi ya fita daga cikin akwatin ya zauna a wani wuri dabam, kuma kada wurin ya zama kwamfutar da ba a isa gare ta sai ta cikin wannan na'urar. A nan ma akwai abin lura. A MikroTik kwafi iri biyu ne. Ɗaya dunƙulalle ne, mutum ba ya iya karanta shi, an yi shi ne don a mayar wa ita wannan na'urar da aka ɗauke shi daga cikinta. In aka ɗora shi a kan wani samfuri dabam yana iya rikita ƙofofin waya. Ɗayan rubutu ne a fili, ana buɗe shi a karanta, a gyara, a ɗora wa sabuwar na'ura, amma ba ya ɗauko kalmomin sirrin masu kula da na'urar ko takardun shaidarta na sirri. Wanda ya ɗauki na farko kaɗai zai sha mamaki ranar da ya je kasuwa ya tarar samfurinsa ya ƙare. Wanda ya ɗauki na biyu kaɗai zai tarar akwai abubuwan da sai ya sake ƙirƙira da hannu. Biyun ake ɗauka, a sa wa kowanne kwanan wata a sunansa, a rubuta lambar manhajar da na'urar ke kai a ranar, domin umarnin da tsohuwar manhaja ta gane ba lalle sabuwa ta gane shi ba.

Wannan ya kawo mu inda mafi yawan masu ƙoƙari ma suke tsayawa. Sun ɗauki kwafi, sun ajiye, hankalinsu ya kwanta, amma ba su taɓa gwada mayar da shi ba ko sau ɗaya. Fayil na iya zuwa rabi ya tsaya ba a lura ba. Ana iya kulle shi da kalmar sirrin da wanda ya sa ta ya bar aiki. Filashin da aka ajiye a durowa shekara biyu na iya ƙin buɗewa. Wayar da ake sokawa kai tsaye a jikin na'ura don a yi magana da ita in hanyar sadarwa ta mutu, ana iya nemanta a rasa, ko a same ta laftof ɗin ofis ba shi da ramin da za ta shiga. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne da ake warwarewa cikin awa ɗaya a ranar da babu matsi, amma su ne ke cinye yini guda a ranar da ɗalibai ɗari biyu ke zaune a gaban kwamfutoci suna jiran jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ware yammacin wata Asabar, a ɗauko na'urar ajiya in akwai, in babu a yi da ita wadda ke aiki bayan an tashi, a mayar da kwafin daga farko har ƙarshe, a duba agogo a ga minti nawa ya ɗauka, a rubuta matakan a takarda yadda wanda bai taɓa yi ba zai iya bi. Sai bayan an yi wannan ne mutum ke da ikon cewa yana da kwafin ajiya.

Na san akwai mai cewa, manyan kamfanonin duniya suna da kwafi dubu, suna da injiniyoyi na gani na faɗa, amma sun faɗi warwas, to me kwafi ya tsinana musu? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana ƙarfafa maganata ne. Da yawa cikinmu muna tuna ranar Litinin 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke tun bayan la'asar a agogonmu har cikin dare, kusan awa shida. Bayanin da kamfanin ya fitar ya ce a lokacin wani aikin gyara na yau da kullum aka ba da umarni don auna ƙarfin babbar hanyar da ta haɗa cibiyoyinsa, sai umarnin ya katse hanyar baki ɗaya, manhajar da aka yi don ta tare irin wannan kuskure kuma tana da nata lahanin, ba ta tare ba. Abin da ya ja lokacin shi ne injiniyoyin sun kasa isa ga na'urorin ta nesa, saboda hanyar da za su bi ita ce ta mutu, kayan aikin bincikensu ma a kanta suke. Sai da aka tura mutane da ƙafa zuwa cibiyoyin, inda tsauraran matakan tsaro suka ƙara jinkirta su. A Kanada, ranar 8 ga Yuli, 2022, kamfanin Rogers ya cire wata ƙa'idar tacewa daga saitin wasu na'urorinsa a mataki na shida na wani aiki mai matakai bakwai. Bayanan hanyoyi suka yi ambaliya suka danne manyan na'urorin tsakiya. Masu hulɗa sama da miliyan 12 suka rasa sabis, biyan kuɗi da katin banki ya tsaya a shaguna, wasu ma sun kasa kiran lambar agajin gaggawa. Binciken da hukumar kula da sadarwa ta ƙasar ta sa aka yi ya nuna cewa hanyar da injiniyoyi ke bi su kula da na'urorin ta dogara ne a kan ita hanyar da ta rushe, kuma hatta wayoyin ma'aikatan a kan layin kamfanin suke, sai da aka nemo musu layukan wasu kamfanoni kafin su iya magana da juna sosai. Darasin a nan shi ne hanyar komawa ta ƙunshi fayil da kuma yadda hannunka zai kai ga na'urar in komai ya mutu. A ƙaramin ofis wannan na nufin wayar sokawa kai tsaye a durowa, da layin waya na wani kamfanin dabam, da mutum ɗaya a wurin da ya san inda makullin ɗakin na'urori yake.

Akwai wani abu a binciken Rogers da ya kamata duk mai taɓa na'ura ya riƙe. An yi canje-canje da dama a dare ɗaya, saboda haka da abu ya ɓaci an ɗauki lokaci ana laluben wanne ne a cikinsu ya jawo. Kuma da yake matakan farko sun wuce lafiya, sai aka sauke ma'aunin haɗarin aikin daga babba zuwa ƙarami, aka sassauta binciken da ya kamata a yi wa mataki na shida. Nasarar jiya ce ta sa aka saki jiki. Kada kuma mu ɗauka labarin na nesa ne kawai. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne da ke Legas ya yi kuskure a saitin tace hanyoyi yayin wani aikin haɓaka da ya tsara, sai zirga-zirgar da ke neman Google daga sassan duniya ta karkata ta bi ta Rasha da Sin. Kamfanin ya fito ya amsa kuskurensa, ya ce an gyara cikin minti 74. Kuskuren saiti a Legas ya taɓa mutane a Amurka. Abin da ke gajarta irin wannan lokaci shi ne a san takamaimai me aka canza, a iya ajiye saitin jiya kusa da na yau a ga layin da ya bambanta. Shi ya sa nake ganin kwafin da ke a rubuce a fili yana da wani amfani da ya wuce mayarwa, domin shi ne littafin tarihin na'urar. Akwai manhajoji na kyauta, irin su RANCID da Oxidized, da ke zagayawa su ɗauko saitin kowace na'ura a kai a kai su nuna abin da ya sauya. Wanda ke da akwati ɗaya ko biyu ba ya ma bukatarsu. Kwafi kafin a taɓa, kwafi bayan an gama, da layi biyu a littafi: wane ne ya canza, me ya canza, don me. Kuma canji ɗaya a lokaci ɗaya.

Ƙorafin da ya fi kusa da mu ba na fasaha ba ne, na zamantakewa ne. Mai makaranta zai ce injiniyan nan ɗan aminina ne, shekara biyar yana mana aiki, in na ce ya kawo min kwafi da kalmar sirri zai ga kamar na daina yarda da shi. Wani injiniyan kuma, gaskiya ɗaya ce, yana riƙe saitin ne a kansa don kada a kira wani. Ina fahimtar duka biyun, amma ban yarda da ko ɗaya ba. Mutumin kirki ma yana rashin lafiya, yana samun aiki a Abuja, yana tafiya aikin Hajji, wayarsa na faɗawa ruwa, kuma rai na hannun Allah. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi ta sauka, tsakanin muminai da suka yarda da juna, don haka rubutu bai taɓa zama zargi ba a tarbiyyarmu. Injiniyan da ya miƙa kwafi ya sauke nauyi ne daga wuyansa, domin ranar da abu ya ɓaci yana da shaidar yadda ya bar na'urar. Wanda kuwa ke tsare abincinsa ta hanyar riƙe makullin gidan wani, ya sani ranar da mai gidan ya gaji zai sa a soka tsinke a goge komai a kira wani, sunansa kuma ya ɓaci a garin. Masu ba da kwangila su sa wannan a cikin yarjejeniya tun farko: ba a biyan cikon kuɗi sai an miƙa fayil ɗin saiti, da kalmomin sirri a rufaffiyar ambulan, da zanen yadda wayoyi suka haɗu.

Sai ƙorafi na gaskiya wanda ba zan raina ba: kwafin saiti taswirar gidanka ce da makullanta, in ya faɗa hannun mugu ya gama da kai. Haka ne. A watan Janairun 2025 wasu masu kutse sun watsa saitunan na'urorin tsaro na FortiGate sama da 15,000 a intanet, waɗanda aka sace tun 2022 ta wata kafa da ke cikin manhajar, a ciki har da sunaye da kalmomin shiga. Wata tsohuwar hanyar ɓoye kalmar sirri a saitin Cisco, wadda ake kira nau'i na 7, ana warware ta cikin ƙiftawar ido da manhajojin da ke yawo kyauta. Tsohuwar hanyar tura fayil da aka saba kwashe saiti da ita ba ta tambayar kalmar sirri, ba ta kuma ɓoye abin da take ɗauke da shi. Duk wannan gaskiya ne, amma abin da yake nunawa shi ne a riƙe kwafin yadda ake riƙe takardar fili. A kulle fayil ɗin da kalmar sirri mai ƙarfi. Kada a tura shi a zauren WhatsApp na ma'aikata, kada a bar shi a cikin na'urar kanta inda duk wanda ya kutsa zai tarar da shi. Filashi biyu, ɗaya a akwatin ƙarfen ofis, ɗaya a wani ginin dabam. In wanda ya san kalmomin ya bar aiki, a canza su a ɗauki sabon kwafi. Babu wanda ke ƙona takardar gidansa don tsoron ɓarawo.

Masu sababbin na'urori da ake sarrafawa ta shafin kamfani za su ce nasu saitin na can a ajiye a wurin kamfanin. Madalla, amma su tambayi kansu da imel ɗin wa aka buɗe asusun, lambar wayar wa ake tura wa saƙon tabbatarwa, kuma me zai faru in kuɗin lasisi ya ƙare. Sau da yawa amsar tana komawa ga injiniya ɗaya da wayarsa ɗaya. Su kuma masu cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, tunda yana aiki kada a taɓa, su tuna cewa a 2018 an gano wata kafa a manhajar MikroTik da ke ba mai kutse damar kwashe kalmomin sirri. Kamfanin ya toshe ta a watan Afrilun shekarar, amma dubban na'urori suka ci gaba da faɗawa hannun masu kutse watanni bayan haka saboda masu su ba su sabunta ba. Tsoron taɓawa daga rashin hanyar komawa yake fitowa. Wanda ya san in abu ya ɓaci zai dawo daidai cikin minti ashirin, shi ne ke da ƙarfin zuciyar sabunta manhaja a kan lokaci.

Saboda haka kirana ga shugaban makaranta, da mai asibiti, da manajan otal, da mai shagon intanet, da jami'in da aka damƙa wa ofis: gobe da safe ka kira injiniyanka cikin mutunci, ka ce ya zo da filashi. Ku tsaya tare a gaban akwatin, ya tabbatar abin da ke gudana shi ne abin da ke ajiye, ya fitar da kwafi a gabanka, ku sa masa kwanan wata, ka karɓi naka ka kulle. Ku manna 'yar takarda a kan ramin tsinken nan cewa kada kowa ya taɓa. Kafin ya tafi, ku buɗe kalanda ku tsayar da ranar da za ku gwada mayar da kwafin, kuma ranar ta zo kafin hadarin farko na damina.